Yadda Ake Zaɓen Lens Mai Faɗin Gani Mara Zum a Legas Ba Tare da Zubar da Kuɗi Ba

Duk wanda ya sayi kyamara a Legas, lens na biyu da 'yan kasuwa ke fara miƙo masa shi ne 50mm f/1.8. Yana da araha, yana dusar da baya, hoton mutum ɗaya ya fito tsaf. Matsalarsa ba ta bayyana sai ranar da aka kira mai shi suna a ɗaki guda a Agege ko Idi-Araba: ya ja da baya har ƙeyarsa ta taɓa bango, amma mai jego da jaririnta kaɗai ke shiga hoton, kaka da gwaggo suna waje. A garin da ɗakuna ke da matsi, layin kasuwa kuma da ƙyar mutum biyu ke giftawa, babu wurin ja da baya. Abin da ake bukata shi ne lens da zai ɗebo wuri mai yawa daga kusa.

Zum ɗin 18-55 da ke zuwa da kyamara yana iya wannan aiki, sai dai ba ya shan haske sosai, da an yi magariba ko an shiga ɗaki sai hoton ya cika da tsaki-tsaki. Lens mara zum, wato mai tsayi guda wanda ba ya matsowa ba ya ja da baya, ƙirarsa ta fi sauƙi, shi ya sa ake iya yinsa ƙarami, mai haske, mai kaifi, da kuɗin da bai kai na zum mai irin haskensa ba. Amma da yake ba ya canzawa, in ka yi kuskuren zaɓe, da kuskuren za ka zauna kullum.

Da farko: lambar da ke jikin lens ba ita ce faɗin da za ka samu ba

A nan mafi yawan kuɗi ke salwanta. Faɗin abin da lens zai nuna ya dogara ne da girman sansar kyamararka, wato allon da haske ke sauka a kai. Babbar sansa, wadda masu sana'a ke kira ful-firem, tana da faɗin milimita 36 da tsayin 24, kuma da ita ake auna komai. Irinta ke cikin Canon 5D, 6D, RP da R6, da Nikon D750 da Z5, da jerin Sony A7. Sauran kyamarorin da suka fi yawa a hannun mutane ƙaramar sansa gare su, wadda ake kira APS-C, tana yanke gefen abin da lens ya kawo ta bar tsakiya.

Lissafin ba wuya. Canon mai ƙaramar sansa, irin su 600D, 700D, 80D, 2000D, M50, R50 da R10, ka ninka lambar lens da 1.6. Nikon irin su D3300, D5600, D7200 da Z50, da Sony A6000 zuwa A6700, da Fujifilm X, ka ninka da 1.5. Olympus da Panasonic masu sansar Micro Four Thirds, ka ninka da 2.

Ke nan 50mm a kan 700D ya zama kamar 80mm, na ɗaukar fuska ne. Sannan 35mm f/1.8 DX na Nikon, wanda ake yawan tallatawa da sunan mai faɗi, a kan D3300 kamar 52mm yake: lens ne mai kyau, amma ba shi da faɗi ko kaɗan. Haka 28mm a kan Canon ƙarama ya koma 45mm. Abin da muke nema don hoton yau da kullum yana tsakanin 24mm da 35mm a ma'aunin babbar sansa. A ƙaramar sansa kuwa, wannan na nufin lens mai lamba 16 zuwa 23 ko 24.

Ga yadda za ka ga bambancin da awon ƙasa. Ka ninka nisanka da 36, ka raba da lambar lens bayan ka yi mata wancan ninkin, zai ba ka faɗin wurin da zai shiga hoto in kyamarar tana kwance. A ɗakin haya mai ƙafa 10 da 12, in ka jingina da bango, tsakaninka da mutanen da ke tsaye bai fi mita biyu da rabi ba. Daga nan 80mm zai ɗauki faɗin mita 1.1, mutum biyu kafaɗa da kafaɗa. 50mm mita 1.8, mutum uku. 35mm mita 2.6, kamar biyar. 28mm mita 3.2, shida. 24mm mita 3.75, bangon gaba ɗaya har da labule.

Ka gwada kafin ka kashe ko sisi

Zum ɗin da ke hannunka shi ne ma'aunin. Ka fara da tsofaffin hotunanka: ka ware guda talatin ko hamsin da ka fi so, ka buɗe bayanan kowanne a kyamara ko a kwamfuta, za ka ga tsayin da aka ɗauke shi da shi, wato lambar da zum ɗin ya tsaya a kai. Ka rubuta. In yawancinsu a 18 suka tsaya, wato zum ɗin ya kai bango, alama ce idonka yana son faɗi, wataƙila ma fiye da abin da 18 ke bayarwa. In suna yawo tsakanin 22 da 28, ajin 35mm kake. In kuwa duk a 55 suke, ka dakata, ba lens mai faɗi ne matsalarka ba.

Sai gwaji na biyu. Ka tsayar da zum a 18, ka liƙe zoben da salataf ɗin takarda wanda ba ya barin danƙo, ka yi mako guda a haka: gida, shago, majalisa, hanyar aiki. Mako na biyu ka mayar da shi 23 ko 24. Ka lura da wanda ya fi sa ka tsaki. Wanda kake yawan cewa "ina ma in ja baya" ya yi maka ƙunci. Wanda mutane ke fitowa ƙanana cikin tarkace ya yi maka faɗi.

Kowane aji da halinsa, lambobin nan kuma a ma'aunin babbar sansa suke. 24mm na ɗaki ne da gini da cunkoso: cikin masallaci, rumfunan kasuwar Mile 12, ko bidiyon da mutum ke ɗaukar kansa da tsawon hannu. Yana da wuyar sarrafawa, domin komai yana shigowa, har da bokiti da wayar wuta. 28mm bai yi nisa da abin da babbar kyamarar wayar salula ke nunawa ba, yawancinsu suna tsakanin 24 da 26, don haka idon mutane ya saba da shi. 35mm ya fi kowa ladabi ga fuska, kuma yana nuna mutum tare da sana'arsa, mai suya da tukubarsa, tela da kekensa. A ganinmu, wanda lens ɗaya tak zai saya kuma mutane ne yawancin abin da yake ɗauka, ya nemi ajin 35. Wanda ɗakuna da titi suka fi yi masa yawa ya nemi 28. Ƙasa da 24 kuwa, irin 20 da 16 a babbar sansa, ba na kullum ba ne, lens na biyu ne ko na uku.

Ƙofar haske: nawa kake bukata da gaske

Lambar da ke bayan harafin f tana faɗin girman ƙofar da haske ke bi. Ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Jerin shi ne 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, kuma kowane mataki rabin hasken wanda ya gabace shi yake shigarwa. Zum ɗin 18-55 yana farawa da f/3.5, in ka kai shi 24 yana wajen f/4. Saboda haka f/2.8 ya ninka haskensa sau biyu, f/2 sau huɗu, f/1.8 kusan sau biyar, f/1.4 sau takwas.

ISO shi ne ƙarfin jin hasken da ake ƙara wa sansa, in ya yi yawa hoto ya yi tsaki-tsaki, gudun shota kuwa tsawon lokacin da haske ke shiga. A aikace: falon da zum ɗin ke neman ISO 6400 a gudun shota 1/100 na daƙiƙa, lens mai f/2.8 zai yi shi a 3200, mai f/2 a 1600, mai f/1.4 a 800. Ga tsohuwar kyamara irin 600D ko D3200, tsakanin 6400 da 1600 akwai tazarar da ko a waya ana ganinta.

Amma kada wannan ya ruɗe ka. In ka buɗe ƙofar duka, wurin da zai fito da kaifi yana raguwa. Hoton dangi masu sahu biyu a wajen walima yana bukatar f/4 ko f/5.6 don na baya su fito, ko da lens ɗin na f/1.4 ne. Wato ka biya kuɗin hasken da ba za ka yi amfani da shi ba, kuma filasha ce maganin wannan wuri. Haka nan, kada ka sa ran lens mai faɗi zai narkar da baya kamar 50mm ko 85mm, sai in ka matso sosai. Mai yawo da rana, f/2.8 ya ishe shi, ga shi ƙarami. Mai aikin ɗaki da dare ba filasha ya nemi f/2 ko f/1.8. Mai ƙaramar sansa da ke ɗaukar bidiyo da daddare ne kaɗai f/1.4 ke biya masa kuɗinsa.

Na'urar hana rawar hannu, wadda Canon ke rubuta wa IS, Nikon VR, Sony OSS, tana taimakawa a bidiyo da hoton abin da ba ya motsi. Ba ta tsayar da yaro mai gudu. A lens mai faɗi ba ita ce abin dubawa na farko ba, don 1/30 ma ana riƙe shi da hannu in an nutsu.

Bakin kyamararka shi ke yanke hukunci

Kowace kyamara da irin bakin da lens ke ɗauruwa a kai, kuma sunan kamfani ɗaya ba ya nufin baki ɗaya. Farashin da za mu ambata na lokacin fitowa ne da dala, don ka san ajin kowanne. Na naira yana bin canji, sai ka tambaya a ranar.

Canon mai madubi a ciki, irin su 600D da 80D, ƙaramar sansa. Amsar kusan guda ce: EF-S 24mm f/2.8 STM, wanda ya fito a 2014 a kan kusan dala 150. Falle ne kamar waina, giram 125, yana fokas har kusan santimita 16, yana ba da kamar 38mm. Bai yi faɗi sosai ba, amma a wannan kuɗi ba shi da na biyu. Ba ya ɗauruwa a 5D ko 6D. Masu waɗannan su dubi EF 28mm f/2.8 IS, ko EF 35mm f/2 IS, ko tsohon EF 28mm f/1.8 na hannu, wato wanda aka riga aka yi amfani da shi.

Canon M50 da danginta: EF-M 22mm f/2, giram 105, daidai da 35mm. Yana cikin mafi dacewa a duk wannan jerin. Ka dai sani ba ya hawa kyamarorin R, ko da adafta, don haka ranar da ka sauya kyamara tare za ka sayar da su.

Canon R. A babbar sansa, RF 28mm f/2.8 na 2023, giram 120, wajen dala 300, ko RF 35mm f/1.8 mai hana rawa in aljihu ya kai. A R50, R10 da R100, RF 16mm f/2.8 yana ba da kusan 26mm. Wannan lens ɗin ya dogara ƙwarai da gyaran da kyamara ke yi masa: in ka buɗe fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, a manhajar da ba ta san shi ba, za ka ga layuka sun yi tumbi, kusurwoyi sun yi duhu. Ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera shi. Tsofaffin lens na EF da EF-S duk suna aiki a R da adaftar EF-EOS R.

Nikon mai madubi. Nan sai an yi hattara. Tsofaffin lens masu harafin D, irin AF 24mm f/2.8D, 28mm f/2.8D da 35mm f/2D, suna da araha a kasuwar na hannu, amma ba su da injin fokas a cikinsu, injin da ke jikin kyamara ne ke juya su. Jerin D3000 da D5000 ba su da wannan inji, haka adaftar FTZ ta kyamarorin Z. A kansu da hannu za ka riƙa fokas. A D7000 zuwa D7500, D610 da D750 suna aiki lafiya. Gaskiyar da mai shago ba lallai ya faɗa ba ita ce, Nikon ba ta yi wa D3000 da D5000 lens mara zum mai faɗi mai araha ba. AF-S 20mm da 24mm f/1.8G suna aiki, amma kuɗinsu na iya fin na kyamarar. Mai irin wannan kyamara gara ya riƙe zum ɗinsa a 18, ya sayi filasha.

Nikon Z: 28mm f/2.8 na 2021 ga babbar sansa, wajen dala 300. Ga Z50, Z30 da Zfc, DX 24mm f/1.7 na 2023, wanda ke ba da 36mm.

Sony ta fi kowa zaɓi, domin kamfanoni da yawa na yi mata lens. A A7: FE 28mm f/2 na 2015, giram 200, ko Tamron 24mm da 35mm f/2.8 masu iya matsowa kusa da ƙananan kaya kamar zobe da agogo, sai dai fokas ɗinsu na da nawa da ɗan ƙara. A jerin A6000: Sigma 16mm f/1.4 na 2017, daidai da 24mm, mai kaifi, amma giram 405 ne, ya fi wasu kyamarorin da ake ɗaura shi a kai nauyi. Akwai Sigma ko Viltrox 23mm f/1.4 ga mai son ajin 35. Tsohon Sony 16mm f/2.8 falle yana da araha, gefunansa kuwa ba su da kaifi.

Fujifilm: XF 23mm f/2 WR da XF 16mm f/2.8 WR. Haruffan WR na nufin an toshe shi daga yayyafi da ƙura, abin da ke da daraja a nan, muddin ita ma kyamarar mai toshiyar ce. Olympus da Panasonic: 14mm f/2.5 mai giram 55, ko 17mm f/1.8.

Game da kamfanonin China da Koriya, irin Viltrox, TTArtisan, Yongnuo da Samyang: da yawansu gilashinsu ya kai, kuɗinsu kuma ƙasa. Abubuwa biyu za ka tabbatar. Shin yana fokas da kansa, ko na hannu ne zalla? Da yawa daga masu arahar na hannu ne. Sannan shin yana da hanyar sabunta manhajar cikinsa? In babu, ranar da ka sayi sabuwar kyamara yana iya ƙin yi mata magana.

A kasuwa: minti goma sha biyar da za su ceci kuɗinka

Sabo a kwali da garanti ya fi kwanciyar hankali, amma yawancin ciniki mai sauƙi na hannu ne, ko tokumbo ko wanda aka yi amfani da shi a nan. Ko Computer Village ka nufa a Ikeja, ko Alaba International a Ojo, ko ka ga talla a intanet, ƙa'idar ɗaya ce: gani ya kori ji. Ba a tura kuɗin lens kafin a riƙe shi. Ka tafi da kyamararka, batir a cike, kati a ciki, da tocilar wayarka. Mai kayan da ya hana ka ɗaurawa ya riga ya ba ka amsa.

Ka fara da jiki. Zoben gaba inda filta ke murɗuwa, in ya lotsa, lens ɗin ya taɓa faɗuwa. Ƙananan sukurorin baya, in kawunansu sun ci ko sun yi zane, an taɓa buɗe shi. Ka tambayi dalili. Lambar jikinsa ta yi daidai da ta kwali da rasit. Ƙananan maɓallan ruwan zinariya na baya su kasance masu tsabta, ba tsatsa ba kore.

Sai tocila, wadda a Legas ita ce babbar jarrabawa. Ka cire murfi biyun, ka haska ta baya a karkace, ka leƙa ta gaba, sannan ka juya. Kada ka kalli fitilar kai tsaye, ka kalli jikin gilasan. Ƙura 'yar kaɗan ba komai ba ce, kowane lens na da ita, ba ta fitowa a hoto. Abin gudu shi ne fumfuna: zare-zare farare kamar yanar gizo ko jijiyar ganye, yawanci daga gefe take farawa. Damshi ke haifar da ita, kuma in ta daɗe tana cin rufin gilashin, ko an wanke tabon na nan. Na biyu hazo, wani fari-fari kamar numfashi a madubi, wanda ke sa hoto ya yi fari duk lokacin da haske ya fuskance ka. A lens mai araha, kuɗin buɗewa da wankewa da haɗarin a mayar da gilashi a karkace sun isa su cinye ribar. In ka ga ɗayansu, ka ce albarka ka wuce. Zane a gilashin baya ya fi na gaba illa, ko ƙarami ne.

Ka ɗaura. Ya shiga ya yi ƙas, ba tare da girgiɗi mai yawa ba. In Canon ta nuna Err 01, lens da kyamara ba sa jin juna. Ka goge maɓallan baya da busasshen ƙyalle ka sake, in ya maimaita ka bar shi. In Nikon ta nuna fEE da lens mai harafin D, ba matsala ba ce, zoben ƙofar haske ne ba a kulle shi a babbar lamba ba. Haka kuma lens na Canon masu haruffan STM da yawancin na kyamara mara madubi, zoben fokas ɗinsu ba ya motsa komai sai kyamara na kunne, kada ka ɗauka ya mutu.

Ka gwada fokas sau goma: yatsanka, sannan ginin tsallaken titi, ka dawo. Ka saurara. Ƙara mai kama da niƙa, ko kai-komo ba tsayawa da rana tsaka, inji ne ya gaji. Ka ɗauki wuri ɗaya a f/2.8, f/4, f/8 da f/16, kyamara na kan A ko Av, wato tsarin da kai ke zaɓar ƙofar haske, ita ta daidaita sauran. Hasken hotunan ya zo kusan ɗaya. In na f/16 ya fi sauran fari nesa ba kusa ba, ganyayen ƙofar haske suna maƙalewa, galibi saboda mai da ya zubo musu.

Gwajin ƙarshe shi ne wanda mutane ke tsallakewa. Ka nemi abu mai nisa mai rubutu, allon talla ko saman bene. Ka buɗe ƙofar duka, ka yi fokas a kansa yana tsakiya, ka mayar da fokas na hannu don kada ya motsa. Sai ka ɗauke shi sau huɗu, kowane karo yana wata kusurwa ta hoton. Ka zuƙo huɗun a allon kyamara. Kusurwa ba ta kai tsakiya kaifi, wannan ba laifi ba ne, amma huɗun su yi kama da juna. In ɗaya ta narke sauran na da kyau, wani gilashi ya goce daga mazauninsa, kuma a hoton taro kullum wanda ya tsaya a wannan gefen shi zai sha wahala. Ɗigo-ɗigon baƙi da ke fitowa a farin bango a f/16 kuwa, kusan kullum ƙurar sansarka ce, ba laifin mai kaya ba.

Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar lens ɗin, ku yi magana a fili kan kwana nawa za ka iya dawo da shi. Ka tambayi murfin gaba da na baya da hular inuwa, wadda ake ɗaurawa a gaban lens don tare hasken gefe. In babu, ka rage kuɗinsu a cinikin.

Ajiya a garin damshi

Fumfunar da ka guje wa a kasuwa tana iya samunka a gida. Tana son duhu, iska mara motsi, da damshin da ya haura kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, Legas kuwa tana kwana a saman haka, musamman a watannin Yuni da Yuli. Jakar kyamara a cikin durowar kaya ita ce mafi munin ma'ajiya, ta fata ta fi muni.

Ka sayi robar abinci mai murfi mai roba a baki wanda iska ba ta shiga, da ƙwayoyin silika masu canza launi, da ƙaramin ma'aunin damshi. Ka riƙe shi tsakanin kashi 40 da 50. Silika mai shuɗi tana komawa ruwan hoda in ta ƙoshi, mai ruwan lemo tana komawa kore. Sai a gasa ta da wuta kaɗan har launinta ya dawo. Akwatin busarwa na lantarki ya fi sauƙi ga mai wuta tsayayya. Ka haɗa kuɗin wannan cikin kasafin lens tun farko.

In ka fito daga mota ko ɗaki mai sanyin na'ura zuwa zafin waje, gilashi zai yi gumi. Ka bar kyamara a jaka a rufe kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin. Bayan aiki a bakin teku, Lekki ko Tarkwa Bay, ka goge jikin da ƙyalle mai ɗan laima saboda gishiri. Da hunturu kuwa, ka fara hure ƙura da roba mai busa iska kafin ƙyalle ya taɓa gilashin, in ba haka ba yashi kake gogawa. In za ka sa filtar kariya, ka duba girmanta a jikin lens kusa da alamar da'ira mai layi, 43, 49, 52 ko 67, ka ɗauki mai siririn zobe, don mai kauri na sa duhu a kusurwar lens mai faɗi. Filta mai arha tana ƙara ƙyalli da daddare. Hular inuwa ta fi ta amfani.

Makon farko da shi

Ƙorafin da aka fi ji shi ne hanci ya yi girma, fuska ta kumbura. Kusanci ne ya jawo, ba lens ba. Ka bar aƙalla mita ɗaya da rabi tsakaninka da fuska, in kana son ta cika hoton ka yanke daga baya. Na biyu, wanda ya tsaya a can gefe yana fitowa da faɗi, kansa ya miƙe. Da 24mm da 28mm ka bar fili a hagu da dama kamar faɗin mutum ɗaya, amarya da dattawa su kasance tsakiya. Na uku, gini kamar zai faɗi baya: ka ɗaga hancin kyamara sama ne. Ka riƙe ta daidai, a tsayin ƙirji in mutane ne a tsaye, ka kunna layukan awo na allo.

Don titi da rana, akwai dabarar da ke cire jiran fokas. Da 28mm a babbar sansa, f/8, fokas na hannu a mita 3.3, komai daga kusan mita 1.6 har ƙarshen gani zai fito. Da 23mm a ƙaramar sansa lissafin kusan ɗaya ne. Ka sa shota a 1/250 saboda masu tafiya, 1/500 in danfo ko acaba kake son tsayarwa, ka bar ISO ya zaɓi kansa. A ƙarƙashin fitilun lantarki kuwa, wutar Najeriya zagaye 50 take yi a daƙiƙa, don haka in ka ga ratsi-ratsi a hoto ko bidiyo ka koma 1/50 ko 1/100. Wutar janareta ba ta tsayawa daidai, sai ka gwada biyun ka ga wanda ya fi.

Lens mai faɗi yana tilasta ka matso, wanda kake ɗauka zai gan ka. A kasuwa irin Mile 12, ka yi sallama, ka gaisa, ka nemi izini, musamman ga mata da dattawa. In wurin na da shugaban layi ko sarkin kasuwa, ta wajensa ake farawa. Barikin soja da shingen jami'an tsaro ba wurin gwajin lens ba ne. Igiyar kyamara ta zagaya wuyan hannunka sau biyu, jakar kuma ta dawo gaba in ka shiga cunkoson Oshodi ko Balogun.